Lissafin Ninkin-ba-ninki: Ilimin da Bai Kamata a Bar wa 'Yan Jarrabawa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga cinikin fili a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san yadda dillalai ke faɗin girmansa: wannan hamsin-hamsin ne, wancan ɗari-ɗari. Abin nufi shi ne ƙafa 50 a tsawo da 50 a faɗi, ko ƙafa 100 ta kowane gefe. Da yawa daga masu saye sukan ɗauka cewa ɗari-ɗari ninki biyu ne na hamsin-hamsin, tunda dai 100 ninkin 50 ce. Amma da zarar an kafa turaku an ja igiya, sai a ga ƙananan fuloti huɗu ne kwance a cikin babban. Hamsin sau hamsin 2,500 ne, ɗari sau ɗari kuwa 10,000. An ninka tsawo, an kuma ninka faɗi, biyu sau biyu kuwa huɗu ne. Idan aka koma ga tankin ruwa da magina suka haƙa a ƙasa, aka ninka tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, ruwan da zai ci zai kai takwas ɗin na da, wato biyu sau biyu sau biyu. Masana lissafi suna da gajeriyar hanyar rubuta wannan. Na farko sukan rubuta shi 2², na biyu kuma 2³. 'Yar ƙaramar lambar nan da ke bisa kafaɗa tana faɗin sau nawa babbar ta fito a jerin ninkin.

Ɗalibanmu na sakandare sun san wannan darasi da sunan indisis. Sukan haddace dokokinsa saboda WAEC da NECO, su amsa tambaya ɗaya ko biyu a kansa, daga nan kuma an rabu ke nan. Ni kuwa a ganina, bayan tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, babu wani lissafin makaranta da magidanci da uwargida da ɗan kasuwa suke buƙata kamar wannan. Tsadar kaya da bashi mai ruwa da yaɗuwar ƙwayar cuta da ƙaruwar jama'a, waɗanda su ne suka fi taɓa aljihunmu da lafiyarmu da makomar garuruwanmu, duk ninkuwa suke yi a kan abin da ya riga ya ninku. Wanda bai iya karanta irin wannan ƙari ba, kullum abin zai riske shi ba shiri, macucin da ya iya kuwa zai yashe shi da rana tsaka.

Asalin abin ba shi da wuya. Lissafin sau hanya ce ta gajarta tarawa: maimakon biyar da biyar da biyar, sai a ce biyar sau uku, 15. To shi ma sau ɗin, idan ya yi ta maimaituwa, yana buƙatar tasa gajartawar. Biyar sau biyar sau biyar shi ake rubutawa 5³, amsarsa 125. Babbar lambar ita ce tushe, ƙaramar ta sama kuma bari mu kira ta hawa, mu karanta 5³ da "biyar hawa uku". Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu koyo shi ne ɗaukar hawa kamar sau, har yaro ya ce 2³ shida ne, alhali takwas ne. A ƙananan lambobi tazarar ba ta da yawa, shi ya sa kuskuren ke wucewa ba a kula ba. Amma biyu sau goma 20 ne, biyu hawa goma kuwa 1,024. Biyu sau ashirin 40 ne, biyu hawa ashirin 1,048,576. Biyu sau talatin 60 ne, biyu hawa talatin ya haura biliyan ɗaya. Kowane ƙarin hawa yana ɗaukar duk abin da aka riga aka samu ne ya sake ninka shi, don haka tsallen da ake yi a mataki na 30 ya fi na mataki na 3 nesa ba kusa ba, ko da yake dokar ba ta canja ba.

Abin da ya sa hankali ke kasa hango wannan shi ne rayuwar yau da kullum da tarawa ta saba mana. Mai adashi tana zuba dubu biyar duk mako, ta san abin da za ta kwasa ranar da ɗauka ta zo kanta. Karin maganarmu ma cewa take da yayyafi kogi kan cika. Gaskiya ce, amma gaskiyar abin da ke ƙaruwa da awo ɗaya ce a kowane lokaci. Malaman da suka gabata sun san akwai wani ƙarin daban, har suka adana labari don nuna shi. Ibn Khallikan, alƙali kuma marubucin tarihin manyan mutane a ƙarni na 13, ya kawo shi a littafinsa. Wani mai hikima a Indiya ya ƙago wasan shaɗaranji, wanda ake yi a kan allo mai gida 64. Sarki ya ji daɗi, ya ce ya faɗi tukuicin da yake so. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina buƙatar, kuma a zahiri yana da hujja, domin layin farko mai gida takwas ƙwaya 255 ne kacal, ko tafin hannu ba su cika ba. Har a kai rabin allo, da awon yau, lodin tirela kaɗan ne. Sai dai kowane gida yana ɗauke da abin da ya ɗara na dukan gidajen baya a haɗe da ƙwaya ɗaya, saboda haka jimillar allon ta kama 2⁶⁴ ban da ɗaya, wato 18,446,744,073,709,551,615. Alkamar da duniya duka ke nomawa a yau sai an tara ta ɗaruruwan shekaru kafin ta kai haka. Labarin almara ne, lissafinsa kuwa babu ƙarya a ciki.

A kwatanta rubutun nan biyu: jerin lambobi 20 da ba mai iya riƙewa a ka, da kuma 2⁶⁴. Gajeren ya fi bayani, domin yana nuna yadda lambar ta samu, biyu ce aka jera sau 64. Ɗan Adam ya daɗe kafin ya kai ga wannan sauƙi. A ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin Girka Arkimidis, mutumin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, ya ƙi yarda da masu cewa rairayi ba ya ƙirguwa. Babbar kalmar ƙirga a harshensu ta tsaya ne a dubu goma, sai ya gina tsarin jera manyan lambobi aji-aji, ya ƙiyasta cewa rairayin da zai cika sararin samaniya, gwargwadon yadda suka fahimce shi a lokacin, ba zai wuce abin da yau muke rubutawa 10⁶³ ba. A cikin wannan aiki ya bayyana dokar da duk darasin ya ginu a kanta: idan za a ninka lambobi biyu da suka fito daga jerin ninki guda, ana iya gano amsar ta hanyar ƙirga matsayinsu a jerin. Abin da ya rasa shi ne alamar rubuta ta, sai dogon bayani da kalmomi.

Daga baya malaman ƙasashen Musulmi suka ɗauki aikin, kuma wannan ya isa amsa ga mai ganin ilimi ne na Turawa zalla. Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, da kalmomi yake rubuta lissafinsa duka, kuma hawa na biyu na abin da ake nema yakan kira shi "mal". A wajen waɗanda suka biyo bayansa hawa na uku "ka'ab" ne, na huɗu "mal mal", na shida "ka'ab ka'ab", sunayen suna ta ƙara tsawo. Al-Karaji, wajen shekara ta 1000, ya nuna cewa jerin ba shi da iyaka ta sama, kuma ta ƙasa ma yana ci gaba zuwa gutsattsarin da suka gaza ɗaya. As-Samaw'al a ƙarni na 12 ya zana jadawali, ya sa ɗaya a tsakiya, manyan hawa a gefe guda, kishiyoyinsu a ɗaya gefen, yana ninkawa da rabawa ta hanyar ƙirga gidaje. Al-Qalasadi na Andalus, wanda ya rasu a 1486, ya riƙa sa harafin farko na kalma a madadin kalmar. A Faransa Nicolas Chuquet ya ɗora ƙananan lambobi a sama a rubutunsa na 1484, har da sifili, sannan a 1637 Rene Dekart ya fitar da irin rubutun da muke amfani da shi yau. Kusan shekara 1,900 ke nan tsakanin Arkimidis da Dekart. Abin da yaron ƙaramar sakandare ke rubutawa cikin daƙiƙa ɗaya gadon wahalar al'ummomi da yawa ne.

Wahalar ba ta tafi a banza ba, domin alamar ta mai da aiki mai nauyi ya zama ƙirga. A ɗauki 2³ sau 2⁴. Na farko biyu ce sau uku a jere, na biyu biyu ce sau huɗu, in an haɗa jerin an sami biyu sau bakwai, wato 2⁷. Takwas sau goma sha shida 128 ne, haka ma 2⁷. Ninkawa ta koma tara hawa, rabawa kuma ta koma ɗebe hawa. A kan wannan dabara John Napier ɗan Sikotlan ya fitar da jadawalinsa a 1614, wanda matuƙan jiragen ruwa da masana taurari da injiniyoyi suka dogara da irinsa sama da shekara 300, har zuwan kalkuleta. Idan tushen goma ne, abin ya ƙara sauƙi, domin hawa yana ƙirga sifili ne kawai: dubu 10³, miliyan 10⁶, biliyan 10⁹, tiriliyan 10¹². A rediyo kalmomin uku na ƙarshe kusan amo ɗaya gare su, sai mai sauraro ya ji kamar tazarar kaɗan ce, alhali kowace ta ninka ta ƙasa da ita sau dubu. Daƙiƙa miliyan ɗaya ba ta cika kwana 12 ba. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta kusa shekara 32. Daƙiƙa tiriliyan ɗaya ta haura shekara 31,000. Saboda haka idan aka ce kasafin kuɗi naira tiriliyan ɗaya ne, sannan aka yi ta shelar an ware wa wani asibiti miliyan 500, wanda ya iya karanta hawa zai gane nan take cewa kobo 5 aka ba asibitin daga kowace naira 100. Talakan da zai bibiyi yadda ake kashe dukiyarsa dole ya iya bambance waɗannan.

Inda abin ya fi taɓa kowane gida shi ne tsadar kaya. A shekarar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya sun nuna hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. A ɗauka, a matsayin misali, buhun hatsi naira 50,000 ne, kuma farashinsa yana ƙaruwa da kashi 30 duk shekara. Mai lissafin tarawa zai ce ƙarin 15,000 ne a shekara, don haka bayan shekara uku buhun zai kai 95,000. Amma ƙarin shekara ta biyu a kan 65,000 ake ɗora shi, na ta uku kuma a kan 84,500, sai buhun ya tsaya a 109,850. Wannan shi ne 50,000 sau 1.3³. Ma'aikacin da albashinsa bai motsa ba a shekarun nan uku, abin da yake saya da shi bai kai rabin na da ba. Wannan lissafi ne kuma ke warware rikicin da kan tashi idan aka sanar cewa hauhawar farashi ta sauko, mutane suka je kasuwa suka tarar kaya sun ƙara kuɗi. Saukowa daga kashi 30 zuwa 20 tana nufin bana za a ninka da 1.2 maimakon 1.3, sai buhun ya tashi daga 109,850 zuwa 131,820. Saurin hawan ne ya ragu, farashin bai daina hawa ba.

Bashi mai ruwa da wannan hanyar yake cin mutum. Wanda ya ranci naira 100,000 a kan ruwa kashi 10 duk wata, kuma ana ɗora ruwan da bai biya ba a kan uwar kuɗi, yakan yi tsammanin bayan shekara 220,000 ake bin sa. Gaskiyar lissafin 1.1¹² ce, wadda ta haura uku, saboda haka bashin ya zarce 313,000. Ba banza ba Alƙur'ani ya tsananta hani a kan kuɗin ruwa, har a Suratu Ali Imrana ya ambaci irin wanda ke ninkuwa. Macuta kuma sukan juya wannan lissafi su mai da shi tarko. A 2016 tsarin MMM ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin ƙarin kashi 30 duk wata, hukumomin kuɗi suka yi gargaɗi, jama'a suka yi ta zubawa, a watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. Da an zauna da biro da takarda, alkawarin da kansa zai tona asirin kansa. 1.3¹² ya haura 23, wato naira 100,000 za ta zama sama da miliyan 2.3 a shekara guda. A shekara uku za ta haura biliyan ɗaya, a shekara biyar ta haura biliyan 680. Babu noma ko fatauci ko masana'anta a doron ƙasa da ke ba da haka. Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, kuma nan ma hawa ne ke yanke hukunci. Idan kowa sai ya kawo mutum shida kafin ya ci, sahu na 11 yana buƙatar 6¹¹, sama da mutum miliyan 362, fiye da jama'ar Najeriya duka, sahu na 13 kuwa ya fi mutanen duniya yawa. A duk lokacin da abin ya tsaya, kusan kashi biyar cikin shida na waɗanda suka shiga suna sahun ƙarshe ne, su ne kuma ba sa samun ko sisi.

Ƙaruwar jama'a ma haka take tafiya, sai dai a hankali. Ƙarin kashi 3 cikin 100 a shekara abu ne da kunne ke rainawa, amma 1.03²⁴ ya ɗan haura biyu, wato duk shekara 24 jama'a sun ninka. Ƙidayar Jamhuriyar Nijar ta 1988 ta sami mutum wajen miliyan 7, ta 2012 kuma ta sami sama da miliyan 17. A Najeriya ƙidayar 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140. Lissafin bai yanke wa kowa yawan 'ya'yan da zai haifa ba, wannan magana ce ta daban. Abin da yake faɗa wa masu mulki shi ne azuzuwa da gadajen asibiti da famfunan ruwa da suka ishi gari a yau, kafin jaririn bana ya yi aure sai an ninka su, kuma wannan don a tsaya inda ake ne kawai. Gwamnatin da ke gina adadin azuzuwa iri ɗaya kowace shekara tana lissafin tarawa ne ga matsalar da ke ninkuwa. A ɗaya ɓangaren akwai ninki mai gaggawa. Wasu ƙwayoyin cuta, idan suka sami ɗumi da abinci, sukan rabu biyu duk bayan kamar minti 20. A awa takwas an yi ninki 24 ke nan, ƙwaya ɗaya ta zama sama da miliyan 16. Shi ya sa miyar da aka bari a buɗe da rana lokacin bazara take iya lalacewa kafin dare.

Wani lokaci kuma ninkin nan shi ne mai gadinmu. Lambar sirri ta katin banki gurbi huɗu gare ta, kowane gurbi yana da zaɓi goma, jimilla 10⁴, wato 10,000, ga shi kuma ana toshe katin bayan kuskure kaɗan. Ƙarin gurbi biyu kacal yana kai zaɓin miliyan ɗaya. Wanda ya sa shekarar haihuwarsa kuwa, da hannunsa ya rage wa ɓarawo aikin daga 10,000 zuwa ƙasa da 100. Lambar NIN mai gurbi 11 tana da wuri har biliyan 100. Girman ma'adanar waya da ake tambaya a kasuwa, 32 ko 64 ko 128 ko 256, shi ma 2⁵ ne da 2⁶ da 2⁷ da 2⁸, domin kwamfuta da bibbiyu take ƙirga.

Wani zai ce attajiran Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau sun tara dukiya ba tare da sun taɓa ganin 2³ ba, kuma yau kowace waya da kalkuleta a cikinta. Gaskiya ne lissafin ka na 'yan kasuwarmu abin jinjinawa ne, kuma duk wanda ke juya jari yana mai da riba cikin uwar kuɗi, ninki a kan ninki yake yi ko bai san sunansa ba. Sai dai saninsa na gogewa ne, juyi ɗaya bayan ɗaya, kuma gogewa da asara ake sayenta. Alamar hawa tana ba mutum damar ganin juyi 12 ko 36 a takarda tun kafin ya fitar da kuɗinsa. Ita kuwa kalkuleta, abin da aka tambaye ta take amsawa. Wanda ya yarda cewa kashi 10 na wata goma sha biyu kashi 120 ne, 10 sau 12 zai danna, ta ba shi amsar da ta dace da tambayarsa, ya tafi da kuskurensa yana ganin na'ura ta tabbatar masa. Sanin wace tambaya za a yi shi ne ilimin, kuma ba ya cikin waya.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan nauyi: babu abin da ke ninkuwa har abada, saboda haka waɗannan manyan lambobi tsoratarwa ce kawai. Rabin maganar daidai ne. Ƙwayar cutar nan mai rabuwa duk minti 20, da za ta ci gaba kwana biyu ba tsayawa, da nauyin zuriyarta ya fi na duniyar da muke kai. Hakan ba ya faruwa, domin abinci yana ƙarewa, wuri yana cika. Haka ma lissafin kakanni: kowa yana da iyaye biyu, kakanni huɗu, iyayen kakanni takwas, in aka koma baya zuriya 30 sai a sami gurbi sama da biliyan ɗaya, alhali mutanen duniya duka a wancan zamani ba su kai rabin haka ba. Bayanin shi ne mutum guda yana cike gurabe da yawa, saboda dangi na kusa da na nesa sun yi ta auren juna, kamar yadda auren zumunci ke nunawa a fili. Amma a lura, lissafin hawa ne ya nuna mana cewa dole akwai iyaka, shi ne kuma ke nuna kusa da inda take. Duk abin da ke ninkuwa zai tsaya, tambayar ita ce ta wace hanya. Annoba tana iya tsayawa don an yi rigakafi da wuri, tana kuma iya tsayawa don ta gama kama duk wanda za ta kama. Bashi yana tsayawa ranar da aka biya, ko ranar da aka sayar da gida. Mai lissafi yana da damar zaɓar ta farko tun lambobin suna ƙanana.

Malaman lissafi kuma suna da nasu ƙorafin. Sukan ce idan aka koya wa yaro cewa hawa maimaita ninki ne, zai rikice ranar da ya ga 2⁰ ko 2⁻¹, tunda ba a jera abu sau sifili. Damuwar tana da tushe, amma maganinta yana cikin jerin kansa. A sauko daga sama: 2³ takwas, 2² huɗu, 2¹ biyu. Kowace saukowa rabawa biyu ce. In aka ƙara taki ɗaya an sami ɗaya, shi ne 2⁰. In aka ci gaba an sami rabi, 2⁻¹, sannan rubu'i, 2⁻². Yaron da ya sauko da kansa ba ya buƙatar haddar cewa kowace lamba, ban da sifili, hawa sifili ɗaya ce, domin ya ga dalili. Wannan ɓangare na ƙasa shi ma yana da aiki a rayuwa. Magunguna da yawa haka suke raguwa a jini, rabi bayan rabi. Idan wani magani yana raguwa da rabi duk awa huɗu, bayan awa 12 saura 2⁻³, kashi ɗaya cikin takwas, wanda ke nuna dalilin da likita ke ƙayyade lokacin sha. Maimaita ninki ƙofar shiga ce mai kyau, matuƙar malami bai tsaya a bakinta ba.

Abin da ya rage shi ne a fitar da wannan ilimi daga ɗakin jarrabawa. A firamare, kafin a rubuta wata doka a allo, malami ya tona gurabe a ƙasa irin na dara, ya ba yara ƙwayar masara su yi ta ninkawa da Hausa har kwano ya ƙare a gurbi na goma ko sha ɗaya, sannan ya nuna musu alamar da ke rubuta abin da hannunsu ya gani. 'Yan jarida na rediyo da jaridu, duk lokacin da suka karanta wani kashi cikin ɗari, su ƙara jimla ɗaya da ke faɗin shekara nawa abin zai ɗauka kafin ya ninka. Hanyar ƙiyasta wannan gajera ce: a raba 70 da yawan kashin. Kashi 3 a shekara zai ninka cikin kamar shekara 23, kashi 10 a wata cikin kamar wata 7. Ƙiyasi ne, kuma ya fi daidai a ƙananan kashi, amma ya isa farkar da mutum. Kowane baligi kuma, kafin ya sa hannu a takardar rance ko ya miƙa kuɗinsa ga mai alkawarin riba, ya yi tambaya uku: kashi nawa ne, a wata ne ko a shekara, kuma ana ɗora ƙarin a kan uwar kuɗi ko ba a ɗorawa? Wanda aka yi wa waɗannan tambayoyi ya fara kame-kame, an san abin da ke ransa. Darasin da zai ba mutum wannan kariya bai fi na mako guda ba, kuma iyaye suna da haƙƙin su nemi makarantun 'ya'yansu su koyar da shi har yaro ya iya aiki da shi a kasuwa.